Kuɗin da ya shigo asusuna ba duka ne nawa ba

Duk wanda ya taɓa aikin albashi ya san takardar nan ta ƙarshen wata: a sama an rubuta albashi, a ƙasa abin da ya shiga asusu, a tsakani kuma layi-layi na abin da aka yanke. Yawancinmu lambar ƙasa kawai muke dubawa. Layukan tsakiyar nan aikin wasu mutane ne a sashen kuɗi, su ne suka yi maka rajista da hukumar haraji, su ke lissafa abin da ya hau kanka, su cire, su kai, su adana shaida, su zuba na fansho. Da na ajiye aiki na koma cin gashin kaina, ina zana bangon littattafai da tamburan kamfanoni a kwamfuta, sai wannan sashe gaba ɗaya ya dawo wuyana. Babu wanda ya aiko mini da wasiƙa ya ce ga abin da zan yi. Doka ta ɗauka na sani, kuma rashin sani ba hujja ba ne a wurinta.

Dokar haraji ta kowace ƙasa daban ce, adadi daban, ranaku daban, sunayen takardu daban. Amma da na yi hulɗa da masu ba ni aiki daga ƙasashe iri-iri, sai na ga ginin kusan ɗaya ne ko'ina: a san da kai, ka rubuta abin da ka samu, ka cire abin da ka kashe don neman sa, ka biya kaso daga ribar, ka riƙe shaida. Yadda na bi waɗannan matakai zan faɗa a nan.

Na fara da neman akanta, wani dattijo da ya daɗe yana yi wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi. Na je da shirin mu yi maganar lambobi, sai ya tare ni da tambayoyin da ban ga alaƙarsu da haraji ba. Wa ke sa maka lokacin fara aiki da tashi? Kwamfutar taka ce ko tasu? In ka ga dama kana iya ƙin karɓar aiki? In ba ka da lafiya kana iya ba wani ya yi a madadinka? Mutum nawa kake yi wa aiki?

Na ce, "Malam, ai ni ba ma'aikacin kowa ba ne, shi ya sa na zo."

Ya ce, "Ƙanena, haka ka ce, haka ma takardarku za ta iya cewa. Hukuma da kotu kuwa yadda aikin ke gudana suke dubawa."

Gaskiyarsa. A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber, kamfanin da ake kiran motar haya ta manhajarsa, da suka kai ƙara ba masu zaman kansu ba ne kamar yadda yarjejeniyarsu ta nuna, domin kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke tsara sharuɗɗa, shi ke sa musu ido. Abin yana da muhimmanci saboda wanda aka ɗauka ma'aikaci ne, nauyin cire masa haraji da zuba masa fansho yana kan wanda ya ɗauke shi, kuma yana da haƙƙin hutu da sauransu. Akwai kamfanonin da ke son aikin ma'aikaci a farashin ɗan kwangila, su ce maka kai mai zaman kanka ne alhali daga safe zuwa yamma kana ƙarƙashinsu. Ni dai masu ba ni aiki suna da yawa, kayan aikin nawa ne, ni ke yanke farashi, in aiki ya ɓaci ni ke asara. Aka wuce wannan.

Rajista ba ta ba ni wahala ba. Zaɓi biyu ne a gabana: in yi kasuwanci da sunana, ko in kafa kamfani. Mai kasuwanci da sunansa shi da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, in bashi ya hau kasuwancin ana iya bin dukiyarsa ta gida. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa a doka, bashinsa nasa ne, amma yana zuwa da rahoton shekara-shekara, da harajinsa daban, da kuɗin akanta mai yawa. Aikina ba ya buƙatar rance ko ma'aikata, haɗarinsa kaɗan ne, sai na zaɓi na farko. Na cike fom, na kai katin shaida da shaidar adireshi, aka ba ni lambar mai biyan haraji. Wannan lamba ita ce sunana a wurin hukuma daga ranar, kuma tana kan kowace takardar neman biya da nake aika wa abokin ciniki.

Abin da ya fi canza mini rayuwa ba a ofishin gwamnati aka yi shi ba, a banki ne. Na buɗe asusun da kuɗin aiki kawai ke shiga, ban da kyautar 'yan'uwa, ban da bashin da aboki ya dawo da shi. Na kuma buɗe wani na ajiya wanda ba shi da kati. Duk ranar da kuɗin aiki ya shigo, kafin in taɓa ko sisi, sai in tura kashi ɗaya cikin huɗu can. Akanta ne ya ba ni adadin bayan ya kimanta abin da zan iya samu a shekara. Ga yadda ya ce: mai albashi ana cire masa kafin ya gani, shi ya sa ba ya jin zafi, kai kuwa an damƙa maka naka da na hukuma a haɗe, na hukumar amana ce a hannunka har ranar da za a tambaya. Tun da na ɗauki abin a matsayin amana sai ya daina yi mini kama da kuɗin da za a ƙwace. Watan da aiki ya yi ƙaranci, ido yakan kai ga asusun nan, ba zan ɓoye ba. Rashin katin ne ke taimakawa.

Akwai wani abin da mai barin albashi ba ya lissafawa, wato kason da kamfani ke biya a kansa ba tare da ya gani a takardarsa ba. Misalin Amurka ya fi fito da abin fili: ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 cikin ɗari na albashinsa don asusun tsufa da na lafiya, kamfaninsa ya biya wani 7.65. Mai zaman kansa shi ke biyan duka biyun, kashi 15.3, ban da harajin kuɗin shiga. A wasu ƙasashen ba a tilasta wa mai zaman kansa zuba komai ba, wanda ma'anarsa in bai tanadi fansho da inshorar lafiya da kansa ba, babu. Saboda haka wanda ya ce zai caji daidai albashinsa na da, a zahiri ya rage wa kansa kuɗi. Da na gane haka na sake duba farashina.

Sai littafin lissafi. Nawa ba wani abin a zo a gani ba ne, jadawali ne a kwamfuta: ranar da na gama aiki, lambar takardar neman biya, sunan mai aikin da ƙasarsa, adadin da muka yi ciniki, abin da aka cire a hanya, abin da ya iso, da ranar da ya iso. Lambobin takardun a jere suke ba tsallake, domin in mai bincike ya ga ta 14 ya ga ta 16 zai tambayi ina ta 15. Ko takarda ta lalace ba na goge ta, sai in rubuta an soke.

Wuri biyu ne suka fi cin lokaci a nan. Na farko, dandalolin intanet da ke haɗa mu da masu aiki suna cire kasonsu kafin su turo. A ce an yi ciniki a kan 100, dandali ya cire 10, kamfanin tura kuɗi ya cire 3, 87 ta iso. Abin da na samu a lissafin haraji 100 ne, sannan 13 ta shiga layin abin da na kashe. Riba ɗaya za ta fito ko ta wace hanya aka bi, amma in na rubuta 87 alhali dandalin ya kai rahoton 100, lambobina da na hukuma sun saɓa ke nan, kuma saɓani ne ke jawo wasiƙa. Haka nan in ana auna ko cinikinka ya kai matakin da dole ka yi wata rajista, da 100 ake aunawa.

Na biyu, canjin kuɗi. Wani da dala yake biya, wani da yuro, wani da fam, haraji kuwa da kuɗin ƙasa ake lissafa shi. Da wane farashi za a canza? Na ranar da na aika takarda, ko na ranar da kuɗi ya shigo, ko na ranar da na canzar? In farashi na hawa da sauka, bambancin ba ƙarami ba ne. Wannan ya rataya a kan wata tambayar, ko ana lissafa kuɗi ranar da aka yi aikin ko ranar da aka karɓa. Ƙasashe da yawa suna barin ƙaramin ɗan kasuwa ya bi ranar karɓa, kuma ita ta fi mana sauƙi, don ba za ka biya haraji a kan kuɗin da har yanzu kake bi ba. Na bi ta, ina amfani da farashin canji na hukuma na ranar da kuɗi ya shigo, in rubuta shi a gefen layin nan take. Sharaɗin da akanta ya nanata shi ne duk hanyar da na zaɓa in tsaya a kanta. Ba zai yiwu wannan wata in ɗauki farashin da ya fi mini daɗi, wata mai zuwa in ɗauki wani ba.

Abin da ake cirewa kafin a fitar da riba shi ne abin da aka kashe saboda aikin. Kuɗin manhajar zane da nake biya duk wata, lasisin hotuna da salon haruffan da nake saya, kuɗin shafina na intanet, kuɗin akantan kansa, duk sun shiga ba gardama. Gardamar tana kan abin da gida da aiki suke tarayya a kai: waya, data, wutar lantarki, ɗakin da nake aiki. Ba a cire duka, kaso ake cirewa, kuma kason ya zama mai hujja. Na auna ɗakin aikin na kwatanta da faɗin gidan, na rubuta yadda na yi lissafin a takarda ɗaya na ajiye. Kwamfuta kuma daban take, domin kayan aiki ne da zai yi shekaru; a wurare da yawa ana raba kuɗinta a cire kaɗan-kaɗan, a wasu ana barin ƙananan 'yan kasuwa su cire gaba ɗaya a shekarar saye. Na taɓa jin masu sana'a irin tawa suna alfahari da cusa tufafi da tafiye-tafiyen iyali cikin kuɗin aiki. A ganina ba wayo ba ne. Abin da za ka rage kaɗan ne, kuma layi ɗaya na ƙarya in aka gano shi, sai a daina yarda da sauran layukan na gaskiya.

Rasit kuwa, ranar da aka ba ni nake ɗaukar hotonsa, domin irin wanda injin biya ke fitarwa rubutunsa yana dusashewa. Tsawon lokacin da za a adana ya bambanta: a Birtaniya mai zaman kansa zai riƙe takardunsa aƙalla shekara 5 bayan ranar ƙarshe ta miƙa lissafi, a Amurka ƙa'idar gama-gari shekara 3 ce, tana iya kai 6 ko 7 a wasu yanayi. Ni na sa wa kaina 7, wuri a kwamfuta ba tsada.

Haraji rabin labarin ne, ɗaya rabin yarjejeniya ce tsakanina da mai aiki. Na biya lauya sau ɗaya ya tsara mini takarda mai shafi biyu da nake canza suna da adadi kawai. A ciki akwai abin da zan yi dalla-dalla, gyara sau nawa ne kyauta, nawa za a ba da kafin alƙalami, cikin kwana nawa za a cika bayan na miƙa aiki, me zai faru in an fasa a tsakiya, da dokar wace ƙasa za a bi in an samu saɓani. Kafin alƙalamin yana ɗaure mu duka biyu, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Jinkirin biya kuwa ciwo ne na masu sana'armu a duk duniya, har wasu wuraren suka yi masa doka ta musamman. Birnin New York ya fara aiki da wata doka a 2017 da ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga aikin da ya kai dala 800, da biya cikin kwana 30 in ba a sa wata rana ba. Tarayyar Turai ma tana da wata ƙa'ida ta 2011 da ta ba ɗan kasuwa damar ɗora kuɗin ruwa a kan wanda ya yi masa jinkiri. Inda babu irin wannan, abin da ka rubuta a takardarka shi ne kawai makaminka.

Sashen da na fi ba muhimmanci shi ne na haƙƙin mallaka. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya biya kuɗin zane shi ke da zanen. A dokokin ƙasashe da dama ba haka ba ne: abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki yawanci na kamfaninsa ne, amma abin da mai zaman kansa ya ƙirƙira nasa ne har sai ya miƙa shi, kuma a Amurka da Birtaniya miƙawar sai a rubuce da sa hannu. Haƙƙin yana tabbata ne da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba, wannan na daga cikin ginshiƙan Yarjejeniyar Berne da aka fara ƙullawa a 1886, wadda ƙasashe fiye da 170 ke ciki yau. Saboda haka takardata tana bambanta abu biyu. Tambarin kamfani ina miƙa shi kacokan, don babu hankali kamfani ya kasa mallakar tambarinsa, amma mallakar ba ta komawa gare su sai ranar da suka cika kuɗi. Bangon littafi kuwa izinin amfani nake bayarwa, ga wane bugu, a waɗanne ƙasashe. In za a sa shi a wani abu dabam, sabon ciniki ne. Layin nan na "sai an cika kuɗi" ya fi kiran waya goma aiki.

Inda na fi shan fama shi ne harajin da ake yankewa tun daga tushe. Wasu kamfanoni doka ta ɗora musu su cire wani kaso daga kuɗin ɗan kwangila su kai wa hukuma da sunansa. Ba ƙarin haraji ba ne, biya ne tun da wuri. Ƙarshen shekara za a rage maka shi daga abin da ake bin ka. Sai dai ragin ba ya yiwuwa sai da shaida cewa kuɗin ya isa hukuma, kuma da lambarka aka kai. Wani kamfanin buga littattafai ya yanke mini a ayyuka da dama, na nemi takardar shaidar, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ana kan shiryawa. Da na duba bayanaina a wurin hukuma babu alamar kuɗin. Na je ofishin haraji, na samu wata jami'a na yi mata bayani.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ga takardun neman biya, ga bayanan banki, kowa ya duba zai ga an yanke."

Ta duba ta ce, "Malam, na ga an yanke maka. Abin da ban gani ba shi ne an kawo mana. Ba zan rage maka abin da bai shigo ba."

Ban ji daɗin amsar ba, amma ban ga inda ta kauce ba. Ta ba ni shawara in rubuta wa kamfanin wasiƙa, in jera lambar kowace takarda da adadin da aka cire da ranar, in ce ina buƙatar shaidar kafin ranar miƙa lissafi, in ba haka ba zan haɗa kwafin wasiƙar cikin abin da zan miƙa. Wasiƙar ta yi abin da magiya ba ta yi ba, domin kamfanin da ya yanke bai kai ba shi ke da laifi a gaban hukuma, da tara a kai. Ashe sun kai wani ɓangare da lambar da ba tawa ba, wani ɓangaren kuma ba su kai ba sam. Suka gyara. Yanzu a yarjejeniyata akwai layin da ya ce duk wanda ya yanke haraji zai ba ni shaidarsa cikin ƙayyadadden lokaci, kuma duk wata uku nakan gwada abin da ke littafina da abin da ya bayyana a wurin hukuma.

Masu aiki daga waje suna da nasu takardun. Kamfanin Amurka na farko da na yi wa aiki ya aiko mini da fom mai suna W-8BEN kafin ya biya. Shafi ɗaya ne, kana shaida cewa kai ba ɗan Amurka ba ne, ga ƙasar da kake biyan haraji, ga lambarka. Ba a aika wa hukumar harajinsu, kamfanin ne ke ajiyewa. Dalilinsa shi ne dokarsu ta ce a yanke kashi 30 cikin ɗari daga wasu nau'o'in kuɗin da suka samo asali daga Amurka in baƙo za a biya. Aikin da ka zauna a ƙasarka ka yi da hannunka ba a ɗauke shi mai asali daga can ba, don ana duba inda aka yi aikin ne, saboda haka ba a yanke mini komai ba. Kuɗin izinin amfani da zane a cikin Amurka kuwa wani abu ne dabam, shi yana iya faɗawa cikin yankan, sai in ƙasarka tana da yarjejeniyar haraji da su da ta rage adadin. Nan ne yadda aka rubuta yarjejeniya ke shafar aljihu kai tsaye, ko kuɗin aiki ne ko kuɗin izini. Fom ɗin yana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan wadda aka sa hannu. Wanda aka sa wa hannu a 2022 ya ƙare 31 ga Disamban 2025.

Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini kuɗin waje ba ruwan hukumar gida da shi, tunda ba a ƙasar aka biya ba. Akasin haka ne a yawancin ƙasashe: mazaunin ƙasa yana biyan haraji a kan abin da ya samu daga ko'ina. Zaman kuma ana auna shi da abubuwa kamar kwana 183 a shekara, da inda gidanka da iyalinka suke. In wata ƙasa ta riga ta yanke, yarjejeniyoyin hana biyan haraji sau biyu ne ke raba gardama, ko ƙasarka ta rage maka abin da ka biya a can. Shi ma da shaida. Maganar cewa ba wanda zai sani kuwa ta tsufa. Tun 2017 ƙasashe suka fara musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu bisa tsarin da OECD, wata ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta fitar a 2014, yanzu sun haura 100. Daga farkon 2023 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa dandalolin intanet tattara bayanan masu sayar da kaya da ayyuka ta kansu, su miƙa wa hukumomin haraji.

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, bai hau kaina ba tukuna, don cinikina bai kai matakin da ake wajabta rajista ba. Amma ina sa ido, saboda da jimillar ciniki ake aunawa ba riba ba, kuma a wasu ƙasashen watanni 12 da suka shige ake dubawa a kowane lokaci, ba shekarar kalanda ba. A Birtaniya matakin fam 90,000 ne tun Afrilun 2024. Wanda ya haura bai lura ba, za a bi shi harajin da bai karɓa daga abokan cinikinsa ba, daga aljihunsa.

Da shekara ta zagayo, miƙa lissafin kansa bai ɗauki lokaci ba, tunda komai na jadawali. Muka tara abin da ya shigo, muka cire abin da aka kashe, muka cire kason da doka ta yafe wa kowa, sauran aka bi shi mataki-mataki. A nan na fahimci abin da ke tsorata mutane a banza, wai in ka shiga mataki na sama duk kuɗinka za a caja da adadi mai yawa. Abin da ya haura iyakar ne kawai ake caja da sabon adadin, na ƙasa yana nan yadda yake. Ba a taɓa yin asara don an ƙara samu ta wannan hanyar. Daga jimillar aka rage abin da aka yanke mini tun daga tushe, wanda yanzu shaidarsa ke hannu. Abin da ya rage na biya daga asusun nan marar kati.

Akanta ya riga ya gargaɗe ni cewa biyan farko yakan fi nauyi, domin hukumomi da yawa ba sa jiran ƙarshen shekara, suna so a riƙa biya tun ana cikin samu. A Amurka sau huɗu ne, a tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. A Birtaniya, ranar 31 ga Janairu mutum zai biya na shekarar da ta wuce, ya ɗora rabin kimar na shekarar da ake ciki, ya cika ɗaya rabin 31 ga Yuli. Sabon shiga sai ya ga an nemi na shekara ɗaya da rabi a lokaci guda. Ya kuma ce mini ko da wata shekara kuɗin bai cika ba, in miƙa lissafin a kan lokaci, domin tarar rashin miƙawa daban take da ta rashin biya, kuma hukuma ta fi sauraron mai neman a raba masa biya in shi ya fara zuwa.

Bayan wasu watanni wasiƙa ta zo daga hukumar haraji. Ba bincike ba ne gaba ɗaya, tambaya ce a kan abu biyu: wani kuɗi da ya shiga asusun aiki wanda ba ya cikin abin da na bayyana, da yadda na fitar da kason ɗakin aiki. Na farkon kafin alƙalami ne na wani aiki da aka fasa, na mayar wa mai shi bayan na cire abin da yarjejeniya ta ba ni, kuma abin da na cire yana cikin lissafi da lambarsa. Na haɗa yarjejeniyar, da saƙon da ya aiko na fasawa, da bayanin banki na ranar da na mayar. Na biyun kuma takardar awon nan ce da na ajiye tun farko. Akanta ya duba amsar kafin in aika, ya cire sakin layi biyu da na yi ta bayani a ciki, ya ce a amsa abin da aka tambaya kawai. Suka amince da na farko, suka rage kason wutar lantarki kaɗan, na biya bambancin, aka rufe fayil ɗin.